Kwalaye Ukun da Madam Nkechinyere Ta Yage

Ranar Laraba kwamfutar ta fara ƙara. Lokacin dogon hutu ne, Malama Lucia tana gida a Samaru, ta gama wanki ta kunna ta don ta ji waƙa ɗaya kafin ta ɗora tukunya. Sai ta ji wani abu a cikin akwatin yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana buga cokali a gefen kwano. Ta kashe ta sake kunnawa. Kwamfutar ta tashi da ƙyar, ƙarar kuma tana nan.

Lucia malamar firamare ce, ba ta san kwamfuta ba, ba ta kuma taɓa cewa ta sani ba. Abin da ta sani shi ne waƙoƙin zumuntar matan cocinsu na shekara shida duk suna cikin wannan akwati mai launin toka, kuma babu su a wani wuri. Mijinta Malam Shekari ne ya tara su. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne a jami'a, irin mutanen nan da ba sa ganin abu a rufe su ƙyale shi. Da hannunsa ya haɗa kwamfutar, guntu daga nan guntu daga can, ya sa mata wani tsari da ake kira Linux. Ya sha gaya mata cewa tsarin na kowa ne, kowa yana iya buɗe shi ya gyara ya miƙa wa na gaba kyauta. Ita dai takan ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

Duk Talata da yamma tsofaffin zumunta za su cika mata falo da kayan kiɗansu, tulu da caki da ƙuge, shi kuma ya kafa makirufo a kan kujera yana ɗauka. Lucia ba mai waƙa ba ce, muryarta ta kiran yara layi ce, saboda haka tana can tsakar gida tana aikin abincin da za su ci, tana mita. Shekara shida tana mita. A watan Mayu Malam Shekari ya kwanta kwana huɗu, ya rasu.

Abin da ya sa ƙarar ta tayar mata da hankali fiye da kima shi ne Mama Elizabeth. Ita ce mai ba da waƙa a zumunta, rabin waƙoƙin ma daga kanta suka fito. Yanzu idanunta sun tafi, 'ya'yanta za su zo ranar Asabar su tafi da ita Zonkwa gaba ɗaya. Ranar Lahadi bayan sujada ta kama hannun Lucia ta ce, “'Yata, abu ɗaya nake roƙo. Ki sa mini waƙoƙin nan a faifai in tafi da su. Rabin waɗanda muka yi su tare sun riga ni, a nan kaɗai nake jin muryarsu.” Lucia ta ce za ta yi, ba tare da ta san ta yaya ba.

Kwamfutar ba ta da hanyar fitar da komai. Tsawar farkon damina ta ƙone katin da ke haɗa ta da wata kwamfuta ta waya, ta haɗa da ramukan da ake soka filasha. Na'urar ƙona faifai kuwa, wadda 'yan kasuwa ke kira bona, dama ba ta taɓa samu ba. Malam Shekari ya yi niyyar sayen duka biyun. Lucia ta tuna ta ga takardar, ta zazzage durowarsa har ta same ta. Ya rubuta sunan katin da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinsa wata doguwar lamba da ya ja wa layi biyu, sai kalmar bona. Ta ninke ta ta sa a cikin littafin waƙoƙinta.

Alhamis da safe ta shiga bas zuwa kasuwar PZ. An yi ruwa da asuba, hanyar Kwangila ta jagwalgwale, 'yan acaɓa suna fallatsa wa mutane taɓo ba ko sannu. Ta sauka ta shiga layin masu kayan kwamfuta, ta faɗa shagon farko da ta ga ya fi haske.

Mai shagon, Collins, saurayi ne mai fara'a da saurin hannu. Kafin ta gama karanta masa sunan ya riga ya ɗora kwali a gabanta, sabo fil a cikin ledarsa. Sunan da ke jiki shi ne na takarda, harafi da harafi.

“Orijina ne, Mama. Ga faifansa ma a ciki.”

“Zai yi aiki da Linux?”

Fara'ar ta ɗan ragu. “Wa ya sa miki wannan wahalan? Ki kawo injin, mu yi masa fomatin, mu sa miki Windo. Minti arba'in an gama.”

“Mene ne fomatin?”

“Share komai. Ya dawo sabo.”

Lucia ta ce a'a, a dai buɗe kwalin a gwada katin tukuna. Collins ya nuna mata allon da ke bayansa, wanda ke rataye a kowane shago a layin, da Turanci da Hausa: kaya in ya fita ba ya dawowa. Ya ƙara mata da dokar da ba a rubuta ba, cewa kwalin da aka yage ledarsa ya zama na hannu, ba mai sayensa da darajar sabo. Ba mugu ba ne Collins, haka kasuwar take, haka ya same ta. Da ya ga ta ninke takardarta sai ya ce, yana dariya, “Ku masu Linux sai shagon Madam Nkechinyere. Ƙarshen layi, hannun hagu. Ita ce mai lokacinku.”

Shagon ƙarshen layi bai kai rabin na Collins ba. Matar da ke ciki ta ba shekara arba'in baya, mai jiki, tabarau rataye a wuyanta da zare, tana ɓare dafaffiyar gyaɗa a kan jarida. Haifaffiyar Sabon Gari ce, in ba ka ga sunanta a allo ba Hausarta ba za ta gaya maka ba. A bayanta ita ma ga allon nan na kaya ba ya dawowa. Lucia ta gan shi, amma ta gaishe ta ta miƙa takardar.

Madam Nkechinyere ta goge hannu, ta sa tabarau. Ba ta ma karanta ba ta ɗago kai.

“Wannan rubutun Malam Shekari ne. Bakwai ɗinsa mai sanda a tsakiya. Ke ce uwargidansa?”

“Ni ce.”

“To ina ya shiga? Wata uku bai leƙo ba. Na ce ko ya samu wani shagon da zai riƙa hana su ciniki da surutu.”

Lucia ta gaya mata. Matar ta cire tabarau ta ajiye a kan gyaɗar. Wani ya leƙo yana tambayar tawadar firinta ta ɗaga masa hannu ya wuce. Sannan ta zagayo ta jawo wa Lucia kujera.

“Ban ji ba, 'yar'uwa. Ba wanda ya gaya mini. Yaya haƙuri? Ubangiji ya ba shi hutu, ya riƙe ki.”

Lucia ta amsa, ta ba ta labarin ƙarar da waƙoƙin da Mama Elizabeth da ranar Asabar. Madam Nkechinyere ta saurara ba ta katse ta ba, sai tambaya ɗaya: ƙarar tana yi kullum ne ko tana ɗaukewa? Lucia ta ce tana ɗaukewa ta dawo. Ta gyaɗa kai, ta miƙa hannu kan kanta ta sauko da kwali, irin na Collins sak. Lucia ta fara buɗe jaka.

“Rufe jakarki tukuna,” in ji Madam. Ta ɗauki reza ta tsaga ledar kwalin daga sama har ƙasa.

Lucia ta kusa riƙe mata hannu. Minti goma da suka wuce aka koya mata abin da wannan tsagawar take nufi. Amma Madam ta zaro katin, ɗan koren allo wanda bai kai tafin hannu ba, ta ɗauko ƙaramar tocila daga durowa ta haska wani baƙin abu mai kusurwa huɗu a tsakiyarsa. Ta kanne ido ɗaya tana karanta ƙananan baƙaƙen da ke kansa, tana duban takarda.

“Ba shi ba ne.”

“Amma ga sunan.”

“Suna na kwali ne. Kin ga wannan baƙin? Cif sunansa, shi ne katin, sauran duk riga ce. Masu ƙera kayan nan sukan canza cif su bar suna da kwali yadda suke. Faifan da suke sawa a ciki na Windo ne. Shi kuwa Linux ɗin da ke injin Malam, ko dai ya san cif ɗin ko bai san shi ba. Lamban da ya ja wa layi biyu, ita ce maganan.”

Ta sauko da kwali na biyu, daga wani kason da ya riga zuwa, ta ce wataƙila tsohon cif ne a ciki. Ta tsaga. Ba shi ba ne. Collins, wanda ya biyo sahu don ya ga yadda za ta kaya, ya jingina da ƙofa yana kaɗa kai. Da ta ɗauki reza a karo na uku ya kasa haƙuri.

“Madam, kwali uku fa. Wa zai saya a buɗe?”

“Kai na tambaya?” Ba ta ko dube shi ba. Ta tsaga, ta haska, ta ajiye tocila. “Shi ma sabon ne.”

Lucia ta dubi kwalaye uku a wangale a kan kanta, kunya ta kama ta, tsoro kuma ya fi kunyar. Ta ce, “Madam, a bar katin nan. Bona kawai nake so, in ƙona wa Mama nata kafin jibi.”

“A'a.” Ta faɗe shi a hankali, amma babu wurin ciniki a ciki. “Rumbun da ke riƙe da waƙoƙin nan shi ne ke ƙara, mutuwa yake shirin yi. Ƙona faifai aiki ne na awa da awa, faifai bayan faifai. In ya mutu a na uku, uku kika samu, sauran sun bi shi. Fara kwashe komai ake yi zuwa wani injin, sau ɗaya, ta waya. Bayan haka sai a ƙona a natse. Ba kati, ba kwasa.”

Sai ta juya ta dubi kwamfutar shagonta, wadda ke ƙarƙashin tebur tana aiki. Da ita take haɗe da shagon intanet na maƙwabcinta, nan take duba kaya take aika saƙo Legas. Ta kashe ta, ta zare wayoyi, ta ɗora ta kan tebur, ta kwance murfin da sukudireba kamar mai fiɗar kaza. Ta zaro wani kati mai ƙura, ta hure shi, ta haska, ta miƙa wa Lucia tocilar.

“Karanta da kanki.”

Lucia ta karanta lamba bayan lamba. Ta yi daidai da ta takarda har ƙarshe.

“Shi ya zaɓa mini shi, shekara uku ke nan,” in ji Madam. “Ya zauna a kujeran nan da kike kai ya sa na buɗe kwali biyar. Na yi masa faɗa kamar zan cinye shi. Ya ce Madam, ki daina sayar da kwali, ki fara sayar da kati. Tun daga ranan na sayi tocila.”

Zaɓen bona bai ɗauki lokaci haka ba, amma shi ma da nasa. Akwai sababbi masu sheƙi da aka rubuta musu saurin gudu da manyan lambobi, Lucia ta ɗora ido a kan ɗaya. Madam ta juya mata bayansa ta nuna wata 'yar siririyar kafa. Ta ce wannan na sababbin injuna ne masu siririyar jar waya, injin Malam kuwa faffaɗar waya yake da ita mai kama da bel, ita ta sayar masa da allon cikinsa, ta sani. Ta shiga lungu ta fito da wani bona na hannu, farinsa ya koma ruwan ƙwai, ta jona shi a tata kwamfutar wadda dama Malam ne ya sa mata Linux, ta ƙona faifan gwaji, ta saurare shi. Sannan ta ce ya yi.

Lucia ta zaci za a ƙulle mata kayan a leda ta tafi ta nemi mai sawa. Sai ta ga Madam tana zuba laftof da doguwar shuɗiyar waya da akwatin ajiye wuta a cikin buhu, tana neman makullin shago. Ƙarfe sha biyu na rana, ranar Alhamis, layi cike da masu saye.

“Za ki rufe?”

“In na bar ki da shi wa za ki kai wa? Mai fomatin?” Ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, ta ce wa Collins in wani ya zo nemanta ya ce ta tafi Samaru gaisuwa.

A falon Lucia, Madam Nkechinyere ta cire takalmi ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta jawo akwatin kwamfutar gabanta. Da ta buɗe murfin ta daɗe tana kallo. Kowace waya an ɗaure ta da zaren buhu, an liƙa mata 'yar takarda da sunanta. Ta ce, “Dubi aikin mutum,” ta share ido da bayan hannu. Ta zare ƙonannen katin, wanda gefensa ya yi baƙi, ta danna nata a gurbinsa. Ta ari fil daga ɗankwalin Lucia ta ɗage wani ɗan mitsitsin abu a bayan bonan ta mayar da shi ramin kusa, ta ce in ba a yi haka ba shi da rumbun za su yi ta rigimar wane ne babba a kan waya ɗaya. Ta jona komai ta cikin akwatin ajiye wuta, saboda ba ta yarda da wutar Samaru ba ko da rana tsaka.

Ta ce wa Lucia ta kunna. Ƙas, ƙas, ƙas. Fararen rubutu suka yi ta gudu a baƙin allo. Lucia ta shigar da kalmar sirri, abu ɗaya da mijinta ya dage sai da ta haddace. Madam ta soka shuɗiyar waya, ta leƙa bayan akwatin, ta ce, “Zo ki gani.” Wata 'yar koriyar fitila ce take ƙiftawa.

“Linux ɗin ya san shi,” in ji Madam.

Aka fara kwashe waƙoƙin zuwa laftof wajen ƙarfe biyu saura. Waƙa ɗari uku da goma sha ɗaya ne, kowace da kwanan wata da sunan wadda ta ba da ita. Lucia ta zauna a bakin kujera tana bin sunayen da ido suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Madam ta bar murfin a buɗe, ta juyo da fanka tana hura cikin akwatin, ta hana a taɓa teburin. A waƙa ta tamanin da wani abu komai ya tsaya cik, ƙarar ta ƙaru. Lucia ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

“Zauna, 'yar'uwa. Wannan ya ƙi. Ba za mu yi kokawa da shi ba, mu tsallake shi, in mun gama sauran mu dawo.”

Haka ta yi ta yi duk yammacin. In rumbun ya cije ta tsallake, ta rubuta sunan waƙar a bayan takardar Malam, ta ci gaba. Ba ta gaggawa, ba ta kuma cewa komai zai yi daidai, abin da Lucia ta gaji da ji tun watan Mayu. Lucia ta gasa masara ta kawo, Madam ta ci biyu tana ba da labarin yadda Malam yake zuwa sayen sukuru ɗaya ya yi awa biyu yana mata wa'azin Linux, har ta yarda ya sa mata don kawai ya ƙyale ta, daga baya ta ƙi yarda a cire. Wuta ta ɗauke sau ɗaya, akwatin ajiye wuta ya yi ta kuka yana riƙe da injin, Lucia ta ruga ta roƙi maƙwabta suka tada janareta. Wajen biyar da rabi sunan ƙarshe ya wuce. Bakwai ne suka ƙi. Madam ta koma musu ɗaya ɗaya, biyar suka biyo, biyu suka ƙi har abada.

“Ɗari uku da tara suna wuri biyu yanzu,” in ji ta. “Yanzu in ya ga dama ya mutu.”

Lucia ta sa fuska a tafin hannu ta daɗe a haka. Sannan aka sa faifan farko a bona. Madam ta zaɓi gudu mafi ƙanƙanta, ta ce rediyon da za a kunna wa Mama a Zonkwa tsoho ne, faifan da aka ƙona da gaggawa tsalle zai riƙa yi a cikinsa. Suka jira har tiren ya fito da kansa. Lucia ta ɗauko rediyon ɗaki mai cin faifai ta sa.

Ita kullum sababbin waƙoƙin take kunnawa, waɗanda suke a sama. Ta farkon nan, ta shekara shida da suka wuce, ba ta taɓa buɗe ta ba. Aka ji motsin kujera, aka ji tari, sai muryar namiji kusa da makirufo.

“Gwaji, gwaji. Yau Talata, Mama Elizabeth za ta ba mu ta farko.” Daga nesa ana jin dum, dum, dum. “Lucia, don Allah ki ɗan dakata da dakan nan, minti biyar kawai.”

Daga can tsakar gida wata murya ta amsa da ƙarfi, “In na dakata me za ku ci?”

Matan suka fashe da dariya, shi ma ya yi, irin dariyarsa mai ƙarewa da tari. Ya ce, “To a bar ta. Turmin ma yana bin kiɗa. Mama, mu je.” Tulu ya ɗauka, caki ya shiga, Mama Elizabeth ta ɗaga murya, a ƙarƙashin duka kuma taɓaryar Lucia tana sauka daidai.

Lucia ba ta san lokacin da ta zame daga kujera zuwa ƙasa ba. Wata uku ba ta ji ya kira sunanta ba. Madam Nkechinyere ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, ba ta kuma rage muryar rediyon ba. Ta tashi a hankali ta sa takalminta ta fita tsakar gida, ta zauna a kan wannan turmin da ke kife a jikin bango, har waƙar ta ƙare aka sake ta daga farko.

Kafin ta tafi ta koya wa Lucia inda za ta danna, sau uku, har ta iya. Ranar Juma'a Lucia ta wuni tana ƙona faifai, tana rubuta lamba a kan kowane. Tana gama na goma sha tara rumbun ya yi wata doguwar ƙara ya yi shiru, bai sake tashi ba. Ta kira Madam a waya. Kafin la'asar ɗan acaɓa ya kawo sauran a leda, an ƙone su daga laftof, an rubuta musu lamba daga ashirin. Asabar da safe Mama Elizabeth ta shiga mota da kwalin takalmi cike da faifai a cinyarta, ta ƙi yarda a sa shi a but.

Ranar Litinin Lucia ta kwance katin da kanta, ta naɗe shi a hankici ta tafi PZ. Kwamfutar Madam tana nan a kan tebur a buɗe, ba ta da haɗi da kowa tun Alhamis. Kwalaye ukun kuma suna kan kanta, an rubuta wa kowane da jar alƙalami: an buɗe, ba na Linux ba.

Lucia ta ajiye hankicin. “Na kawo miki katinki. Injin ya mutu, ba ni da abin yi da shi.”

Madam Nkechinyere ta sa tabarau ta dubi katin, ta tura shi baya da yatsa ɗaya, ta nuna allon da ke bayanta.

“Ba ki iya karatu ba ne, Malama? Rumbu ne ya mutu, ba injin ba. Asabar zan zo da wani mu mayar da waƙoƙin gidansu. Ni zan samu kati, tocilata tana nan.”

Lucia ta ciro faifai ɗaya daga jaka ta ɗora a kan kanta kusa da gyaɗar.

“Mai turmin ne?” in ji Madam.

“Shi ne.”

Madam ta ɗauka ta riƙe shi ta gefe, yadda Malam Shekari ya koya mata, don kada yatsa ya taɓa fuskarsa.